Ɗauko wa tsoho mai jinya a gida: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu, musamman kan iyayen da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar.

1. An yi ittifaƙi a fara tantance buƙata. Wanka da ciyarwa, mai kula nagari zai iya. Allura, wankin ciwo da robar fitsari kuwa sai nas mai lasisi, kuma a ga takardar da ido.

2. Mace ga Hajiya, namiji ga Alhaji. Babu wanda ya ja.

3. Gyambon kwanciya ne aka fi daɗewa a kansa, ni ma shi ya fi damuna. Wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi duk awa 2, har da dare, lokacin da aka fi sakaci. A duba ƙugu, diddige da kafaɗa kullum. Da an ga fata ta yi duhu ko zafi, a kira likita tun kafin ta fashe.

4. Nan baki ya rabu: wasu sun fi son a ɗauko mai jinya ta hannun kamfani, domin yana turo madadi idan mai jinya bai zo ba. Wasu suka ce tsada, gara wanda aka san asalinsa, da mai tsaya masa.

5. A rubuta albashi, lokacin aiki da ranar hutu. Mutum ɗaya a gidan ya riƙe littafin magunguna.

6. Batun sa kyamara don sa ido kan mai jinya bai warware ba. Masu adawa sun ce ɗakin da ake yi wa uwa wanka ba wurin kyamara ba ne.