Hannun matuƙi ya mutu ne? Muhawarar 'yan zaurenmu na Kebbi

Malamin Jega: Salamu alaikum. Jiya muka raka Inna filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Ambursa, za ta ƙasa mai tsarki. A can na ji wani na cewa matuƙan yanzu ba sa tuƙi, na'ura ke yi, har hannunsu ya mutu. Tun jiya hankalina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, kwantar da hankalinka. Gaskiya ne da an tashi ake miƙa wa na'ura, amma ba lalaci ba ne. Tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, tazarar ƙafa 1,000 kacal ke raba jirgin sama da na ƙasansa, shi ya sa ƙa'ida ta ce na'ura ta riƙe tsayin.

Baba Direba: Ɗana, ai ka ba mutumin gaskiya ba ka sani ba. Shekara talatin na yi bisa hanyar Argungu zuwa Sakkwato. Yaron da ya saba da otomatik, ɗora shi kan mai kuloci a hawa, ka ga yadda za ta mace mai. Hannun da ba a motsawa sanyi yake yi.

Injiniya: Baba, ban musa duka ba. A 2009 jirgin Air France daga Riyo zuwa Faris, ƙanƙara ta toshe bututun auna gudunsa cikin dare, na'ura ta saki tuƙi. Jirgin lafiyarsa lau, injina na aiki. Ƙaramin matuƙin ya yi ta ɗaga hancin jirgi har fukafukai suka daina ɗaukar iska, alhali maganin shi ne a dunƙufar da hancin, darasin da ɗalibi ke koya tun farkon shigarsa makarantar tuƙi irin ta Zariya. Cikin ƙasa da minti biyar suka faɗa tekun Atlantika, rai 228. Duk lokacin da na tuna, abin yana min ciwo.

Hajiya Yawuri: 'Yan uwa, kada mu manta 2006. Jirgin ADC da ya faɗi bayan tashi daga Abuja zai je Sakkwato, muka rasa Sarkin Musulmi Maccido, Allah ya jiƙansa. Tsohon Boeing 737 ne, da hannu ake tuƙa shi, muguwar iska ta same shi. Zamanin hannun ma an yi kuka, fiye da yanzu.

Baba Direba: Amin, Hajiya. Ni ban ce a cire na'ura ba. Amma na San Faransisko fa, 2013? Rana tsaka, gari garau, na'urar filin da ke jagorar sauka ba ta aiki, matuƙan jirgin kamfanin Asiana suka ɗauka jirgi na riƙe gudunsa da kansa, sai da gindinsa ya bugi katangar bakin teku. Mutum uku suka rasu.

Ɗan Zuru: Baba, a yi wa matuƙa adalci. Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi, Indonesiya 2018 da Habasha 2019, rai 346, na'urar ce ke danna hancin jirgi ƙasa suna ja tana ja. Na Indonesiya ko labarin tana cikin jirgin ba a ba su ba.

Malamin Jega: To Injiniya, an yi wani abu a kai?

Injiniya: An yi, Malam. A 2013 hukumar jiragen sama ta Amurka ta shawarci kamfanoni su riƙa barin matuƙa suna tuƙi da hannu idan yanayi ya ba da dama. Kuma ana mayar da su ɗakin gwaji mai kwaikwayon jirgi, a jefa su cikin matsala a ga yadda za su fita.

Baba Direba: A ɗakin gwaji ka san yau za a gwada ka, ɗana. Waɗancan na Air France, ƙarfe biyun dare abin ya zo masu, babban matuƙin ya tafi hutawa. Ni dai in an ba ni zaɓi, a ɗora Innar Malam bayan wanda ya sauke jirgi da hannunsa cikin makon nan.