Pika: zomo ne, ɓera ne, ko rema? A taya ni da suna

Assalamu alaikum jama'a. Ina shirya wa ɗalibaina na sakandare a Tudun Wada darasi kan dabbobin da ke rayuwa cikin tsananin sanyi, sai na ci karo da wata 'yar dabba da Turawa ke kira pika. Kwana uku ke nan ta hana ni sakat.

Ga siffarta. Dunƙulalliya ce, tsawonta santimita 15 zuwa 20 da ɗoriya, kunnuwa zagayayyu, wutsiya kuwa ba a ganinta. Ire-irenta sun kai wajen 30, yawancinsu a Asiya, biyu a Arewacin Amurka. Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce mai manyan kunnuwa ta tsaunukan Himalaya, da ake samu har sama da mita 6,000. Dutsen Chappal Waddi na Taraba, wanda babu kamarsa a Najeriya, mita 2,419 ne kacal. A can saman take zaune cikin ramukan tarin duwatsu, kuma ba ta yin dogon barcin hunturu irin na wasu dabbobin ƙasashen sanyi.

Da fari na so in Hausantar da kalmar kawai, in ce fika. Amma Fika gari ne a Yobe, ga kuma fiƙa ta haƙori. Yaro zai rikice tun kafin a fara darasin.

Malamin da muke ofis ɗaya ya ce: "Haba malam, ai ɓeran dutse ne, dubi hoton mana." Ido zai yarda da shi, haƙori ne ba zai yarda ba. Ɓera da gafiya da kurege haƙoran gaba biyu gare su a sama. Wannan kuwa tana da wasu ƙanana biyu a ɓoye bayan manyan, kamar zomo sak. Har ɗabi'ar zomo ta sake cin kashinsa mai laushi don ya tatse amfanin ciyawa, ita ma tana yi. Dangin zomo ce. Mutanen Sin da suka fi mu saninta ma haɗa biyun suka yi, suna ce mata ɓera-zomo.

To zomon dutse fa? Na kusa tsayawa a nan, sai Baba, wani tsohon maharbi a Kawo, ya taka mini birki: "Ɗana, wanda duk ya taɓa hawa duwatsun Kajuru, ka ce masa zomon dutse, rema zai kawo a ransa." Gaskiyarsa. Rema ma a kogon dutse take, ita ma ba wutsiyar kirki, amma ta ninka pika nauyi sau da yawa, kuma masana sun ce da giwa take dangantaka, ba da zomo ba. Rema ta rana ce. Pika ta Amurka kuwa, in ta yi 'yan sa'o'i a zafin da ya haura digiri 25 ba wurin fakewa, tana iya mutuwa. A Kaduna cikin Afrilu ko sallar azahar ba za ta kai ba.

Wata Hajiya ta kawo zomon fito, saboda kukan da take yi mai kama da fito idan ta hango shaho. Jamusawa ma haka suka raɗa mata. Ya yi daɗi a baki, Hajiya, sai dai a rubuce ba ma nuna karin sauti. Wani zai karanta fiton kwalekwale a Kogin Kaduna, wani kuma, Allah ya kyauta, fiton da ake sha a kwarya.

Abin da ya rage shi ne sana'arta. Da damunarsu, pika tana yini jigilar ciyawa da furanni a baki, tana jibge su ƙarƙashin dutse su bushe, ta ci idan ƙanƙara ta rufe ƙasa. Wani ya ce zomon rumbu, amma rumbu ɓarawon hatsi yake tuna wa mutum, ita kuwa guminta take ci. Baba ne ya sake cewa: "Abin da masu doki ke yanka su shanya su ajiye don rani, ai ingirici ne sunansa."

Na san za a yi ƙorafi biyu. Yaran birni da yawa ba su taɓa jin ingirici ba. To ga dalilin koya musu. Na biyu ya fi nauyi: ba kowane iri ke tara ciyawa sosai ba, ita kanta ta Himalayan ba ta kai ta Amurka tari ba. Na yarda. Duk da haka sunan zomon ingirici shi kaɗai ne bai ci karo da sunan wata dabba ko wani abu ba.

Zomon ingirici zan rubuta a allo ranar Litinin, in ambaci pika sau ɗaya don masu jarrabawa da Turanci. Mutanen Zariya da Katsina, in akwai abin da kuke kira da wannan suna tun da, ku faɗa mini kafin Lahadi da dare.