Muhawara: ɗaura na'urar watsa murya a ƙarƙashin riga, bincike ne ko tajassusi?

Malam na Nima (unguwa a Accra, Ghana): Assalamu alaikum. Ina nan kan bakana. Mutum ya ɗaura na'ura a ƙirji, ya zauna yana dariya da kai, wasu na cikin mota a waje suna jin duk abin da ka faɗa, wannan tajassusi ne. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana, ko ɗan sanda ne ko ɗan jarida.

Hajiya ta Mamobi: Allah gafarta Malam, to alƙalan Ghana na 2015 fa? Sama da 30 ɗan jaridar bincike Anas Aremeyaw Anas ya ɗauka a bidiyo suna karɓar cin hanci, har da akuya. A watan Disamba aka kori 20. Da bakin talaka kawai wa zai yarda? Sirrin gidan mutum daban, kujerar alƙali amanar jama'a ce.

Mai gyara na Circle: Hajiya, ta Anas ɓoyayyiyar kyamara ce mai naɗa. Wadda Malam ke nufi makirufo ne kamar ƙwayar wake, da siririyar waya manne da filasta, da ɗan akwati mai batir a ƙugu. Muryar take turawa kai tsaye ta rediyo, kuma dole abokan aiki su tsaya kusa, don bango da kwanon rufi, har jikin mutumin ma, suna rage ƙarfinta. Ko an kama shi an fasa ta, magana ta riga ta fita. In an zare masa wuƙa su ji su shigo. Amma mai na'urar gano sigina zai iya bankaɗo shi, kuma a zafin Accra zufa kan saki filastan.

Ɗalibar lauya: Baba Malam, doka ta fi kusa da kai. Sashe na 18(2) na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya kare sirrin sadarwa, sai inda doka ta ba da dama, kamar hana laifi. A 2018 Kotun Ƙoli ta ce naɗar hirar waya ba da sanin mutum ba ta saɓa wa sashen.

Malam na Nima: Madalla 'yata. Ga kuma abin da ya fi damuna: a binciken ƙwallo na Anas na 2018 da ya kayar da Kwesi Nyantakyi, shugaban hukumar ƙwallon Ghana na lokacin, su masu binciken ne suka zo a matsayin 'yan kasuwa da kuɗinsu. Ka haƙa rami da hannunka, ka ce mutum ya faɗa?

Hajiya ta Mamobi: Ba wanda ya buɗe masa jaka da ƙarfi, Malam. Ku kuma tuna Ahmed Hussein-Suale, ɗan jarida abokin aikin Anas, Allah ya jiƙansa. An nuna hotonsa a talabijin, ranar 16 ga Janairun 2019 aka harbe shi a unguwar Madina da ke Accra. Muna ta kare sirrin manya, nasa sirrin wa ya kare?

Mai gyara na Circle: Amin. Gaskiya na'urar iyakarta ɗakin da ake ganawa. Ba ta raka mutum gida.

Malam na Nima: Allah ya jiƙansa, kisansa zalunci ne ƙarara. In alƙali ya ba jami'i izini kan laifin da ake da hujja, ban hana ba. Amma kowa ya sayo na'ura ya ɗaura? Gobe kishiya za ta ɗaura wa kishiya.

Hajiya ta Mamobi: To in alƙalin da zai ba da izinin shi ne mai karɓar akuyar fa, Malam? Wajen wa za a je?