Batirin lemon tsami ya ƙi kawo wuta: ina muka kuskure?

Maman Ɗalibi:
Assalamu alaikum. An ba ɗana aikin kimiyya a makaranta cewa ya haɗa batir da 'ya'yan itace. Mun soka ƙusa da guntun wayar jan ƙarfe a lemon tsami guda, muka jona ƙwan tocila, amma ko ƙyaftawa bai yi ba, ga shi ranar Litinin za a karɓi aikin. Don Allah a taimaka mana.

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Lemo ɗaya ba ya ba da abin da ya wuce kimanin bolt 0.9 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar lantarki), kuma wutar da ke gudana daga cikinsa ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka ƙwan tocila irin na da ba zai kama ba. Ki nemi ƙaramin jan ƙwan LED, wanda bolt 2 ya ishe shi, sannan ki jera lemo huɗu, kina haɗa jan ƙarfen wannan da ƙusar na gaba. Doguwar ƙafar ƙwan ita ce za ta tafi wajen jan ƙarfen ƙarshe, kuma a ɗaki mai duhu za ku fi ganin hasken.

Malamin Kimiyya:
Ina ƙara da cewa a duba ƙusar, domin sai mai rufin tutiya, irin wanda ake yi wa kwanon rufi, take aiki sosai. A murza lemon a kan tebur har ya yi laushi, a kankare wayar ta yi sheƙi, kuma kada ƙarafan biyu su taɓa juna a ciki.

Abin da na fi so yaron ya gane, domin nan ne yawancin ɗalibai suke faɗuwa idan an tambaye su, shi ne ba a cikin lemon wutar take ba. Tutiyar ce take narkewa a hankali cikin ruwan tsamin tana sakin lantarki, wanda yake bin waya zuwa jan ƙarfe. Da ruwan gishiri Alessandro Volta na Italiya, wanda ya ƙirƙiro batir na farko, ya jiƙa abin da ya saka tsakanin faya-fayan ƙarafansa a 1800, babu lemo ko ɗaya.

Maman Ɗalibi:
Na gode, Malam. Ashe ƙusar tamu ma mai tsatsa ce. Shin za a iya shan lemon bayan an gama?

Malamin Kimiyya:
A'a, Hajiya, a zubar da shi inda ƙananan yara ba za su ɗauka ba, domin tutiya ta riga ta narke a ciki.