Ina son in ɗaga hancin Willys ɗina, har ina zan kai shi kada ya zama abin dariya?

Ɗan_Autan_Gareji:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu haɗa ƙananan motocin roba ku zo ku taimaka min da shawara. Na samu kwalin Revell na Willys 1941, sikelin 1/25 (wato motar gaske ta ninka ta sau 25 a girma), irin wadda ake tseren rubu'in mil da ita a Amurka a shekarun 1960, waɗanda suke ce wa gasser ɗin nan. Ban taɓa haɗa motar tsere ba, duk abin da na yi a baya motocin titi ne kuma yadda takardar kwali ta ce haka nake bi ba ƙari ba ragi, amma wannan karon so nake in ɗan yi nawa, in ɗaga mata gaba sosai ta tsaya tana kallon sama kamar yadda nake gani a hotuna, in sa wayoyin filogi a inji, in kuma canza lambobi da sunan da ke jikin ƙofa.

Abin da ya ɗaure min kai, wai har ina ake ɗaga gaban ne, akwai ƙa'ida ko kowa da ganin damarsa? Sannan wace irin waya ake sa wa a matsayin wayar filogi, wadda na gwada ɗorawa ta yi kauri da yawa ta cika injin. Kuma kayan da suka zo da kurom sheƙinsu ya yi yawa wlh sai motar ta yi kama da ta wasan yara, ya ake rage shi? Na gode.

Baba_Mai_Sanfefa:

Wa alaikumus salam. Barka da shigowa ɓangaren masu wahala ɗana, toh bari in fara da maganar hancin don nan ne yawancin mutane ke ɓata motar.

Kafin ka yanka komai ka zauna ka yanke wa kanka shawara, motar wace shekara kake ginawa. Wannan tambayar ita ce za ta amsa maka sauran. Mutanen can ba don ado suka ɗaga gaban motocin ba, tayoyin baya na wancan lokacin ne ba sa kama kwalta sosai, sai suka ga idan inji ya hau sama kuma gaba ya yi sauƙi, da an saki mota nauyi zai koma baya ya danne tayoyin su kama. Shi ya sa suke cire kayan gaba na asali su sa miƙaƙƙen gatari guda ɗaya a kan sifirin mai ganye, su cire bamba, su ɗaura ƙaramin tankin mai a gaba. Da aka samu tayoyi masu kamu zuwa ƙarshen shekarun 1960 sai motocin suka fara saukowa ƙasa da kansu, don mota mai tsawo haka ba ta da daɗin riƙewa in ta ɗau gudu. Kenan ta 1963 daban ta 1968 daban.

Kuma e akwai ƙa'ida. NHRA, hukumar irin wannan tseren da Wally Parks ya kafa a 1951, a wancan zamanin ta sa iyaka cewa tsakiyar karanshaf, wato sandar da ke juyawa a ƙasan inji, kada ya wuce inci 24 daga ƙasa, sannan ba za ka ja inji baya fiye da kashi 10 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ba. Kai yanzu lissafin ya zo maka da sauƙi, raba inci 24 da 25 zai ba ka inci 0.96, kusan milimita 24 kenan. Ka ɗora motar a tebur ka sa rula daga tebur zuwa tsakiyar fulin ƙasa na gaban inji, in ya haura milimita 24 to ka fita daga motar tsere ka shiga zanen katun. Da yawan hotunan da kake gani hancin ya yi sama sosai an ɗauke su ne daidai lokacin da motar ta zabura, in ka ga hotonta a tsaye a wajen ajiya za ka tarar kusan a daidaice take, sai dai duk jikin ne ya ɗagu daga ƙasa, gaban ya ɗan fi kaɗan.

Yadda nake yi, ba na taɓa sifirin ɗin, ƴan gutsattsarin farantin roba nake yanka in sa tsakanin sifirin da gatari ko tsakanin sifirin da casis, milimita ɗaya ɗaya, ina sa wa ina dubawa. Kuma duk wannan gwajin ba da gam na dindindin ba, farin gam na katako ɗan kaɗan ko salatif, ka haɗa casis da tayoyi huɗu da bodi ka kalle ta ta gefe daga nesa, ka tabbata tayoyin huɗu duk sun taɓa tebur kuma tayar gaba tana tsakiyar bakin madigadi. In ka ɗaga gaba sandar sitiyari da shokoba za su gaza tsawo, sai ka ƙara musu da siririyar sandar roba ko wayar tagulla, kada ka bar su a rataye ba su taɓa komai ba, masu ido nan suke fara dubawa.

Injiniya_Hemi392:

Baba ya gama magana kan tsayi, ni bari in taɓa inji. Oga ka fara duba wane inji ne a kwalin naka don Revell suna da tsohon zubi da sabon zubi na wannan Willys ɗin, tsohon tun shekarun 1960 ne, ƙofofinsa na buɗewa kuma haɗa shi sai mai haƙuri, sabon ya fi zama daidai. Motar Stone, Woods & Cook da aka fi sani da injin Oldsmobile ta fara kafin su koma Hemi na Chrysler, kuma abin sha'awa Fred Stone da Leonard Woods masu motar baƙaƙen fata ne, direbansu Doug Cook farar fata, a Amurkar wancan zamanin ba ƙaramin abu ba ne. Dalilin da ya sa na kawo maganar, in Hemi ne filoginsa a tsakiyar murfin bawul suke shiga ta sama, in Oldsmobile ne ko Chevy a gefen kan silinda suke kusa da bakin salansa, kada ka je ka huda inda ba nan ba.

Maganar waya lissafi ne shi ma. Wayar filogi ta gaske milimita 7 ce zuwa 8, in ka raba da 25 ka samu wajen 0.3. Siririyar wayar nan ta masu gyaran lantarki mai lamba 30 da rigarta tana kai wa wajen 0.5, ta ɗan yi ƙiba amma ido yana yafe mata, mutane da yawa da ita suke yi. In kana son daidai ka fasa tsohuwar wayar iyafis ko ta caja ka zaro silin ciki. Kana buƙatar ɗan abin huji na hannu da bakin 0.4 ko 0.5, ka fara ɗan tsira wurin da tsinin allura don kada bakin ya zame, kuma ka juya a hankali don karyewa suke ba sallama.

Magneto ko distiributa, wato abin da ke raba wa filogi wuta, huji tara ne in da wayar koyil, takwas in magneto ce mai koyil a ciki. Ni ba na wahalar huda takwas a ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, huji ɗaya babba nake yi a tsakiya in cusa wayoyin duka in ɗiga sufa gulu in baza su. In kana son bin tsarin tashin wuta, Hemi da ƙaramin Chevy duk 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, amma gaskiya ba wanda zai ƙirga maka, abin da ake gani shi ne wayar ta kwanta kamar mai nauyi, kada ta yi baka a sama kamar ƙafar gizo. Ka lanƙwasa ta ƙasa da ɗan tsinke bayan ka manna.

Kada ka manta bututun mai daga tankin gaba zuwa famfo zuwa injekta, siririyar wayar soda ta fi komai daɗin lanƙwasawa. Da bel ɗin bulowa, wato na'urar da ke tura iska da ƙarfi cikin inji, na kwali kullum kauri gare shi, ka goge shi ta ciki da sanfefa ya sirance.

Hajiya_Fenti:

Ƙanina maganar kurom mai sauƙi ce. Ka tsoma kayan a bilic na wanki cikin roba mai murfi, wani a ƴan mintuna zai fita wani sai ya daɗe, ka sa safar hannu ka buɗe taga kuma kada ka haɗa shi da wani sinadarin ko kaɗan. In ya fita za ka ga wani santsi mai ɗan rawaya a ƙasa, shi ne ke cike ƙananan zane, in ka samu ka cire shi ma ya fi. Daga nan sai ka fenta kowane abu da kalar ƙarfensa. Bulowa ta GMC 6-71 alminiyom ce, wilin Halibrand magnesiyom ne kuma shi toka toka yake yi mai duhu in ba a goge shi ba, salansar da ke fitowa ta bayan tayar gaba yawanci fara ce ko baƙa marar sheƙi. Wannan bambancin kalolin shi ke sa inji ya yi kama da na gaske, ba yawan waya ba, Injiniya ka yi haƙuri 😄

Wanda kake son ya zauna da kurom ɗinsa kamar giril, ka bar shi ka zuba masa baƙin fenti da ka tsinka sosai ya shiga ramuka ka goge sama. Amma inda za ka sa gam dole ka kankare kurom ɗin, gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin narkar da roba yake ya haɗe ta, ba ya kama kurom, a kan fenti ma ba ya riƙewa da kyau.

Bodi kuwa ka wanke da sabulu, ka goge layin zubi da ke bin saman madigadi, ka fesa firaima tukuna. Abu ɗaya da zan ja maka kunne, kada ka fesa fenti nau'in lacquer a kan fenti nau'in enamel, yamutsewa zai yi nan take, in ka fara da iri ɗaya ka ƙare da shi ko ka gwada a cokalin roba. Sitika a kan fenti mai sheƙi ake sa ta, in ka sa a kan marar sheƙi iska na maƙalewa a ƙasa ta yi fari fari. In kwalin tsoho ne ka fara gwada wadda ba ka buƙata a ruwa, tsofaffi wargajewa suke, in ta yi haka ka fesa wa takardar kiliya, wato fenti marar kala garai garai, siriri kafin ka yanka. Gilas kuma ban da sufa gulu, hayaƙinsa na sa shi hazo, farin gam ya isa. Da yawan motocin nan gilasan roba masu kala suke sa wa, ja ko shuɗi ko ruwan lemo, kiliya mai kala ta ciki za ta ba ka wannan.

Sarkin_Zaɓe:

Ni fa ban yarda da Baba ba gaba ɗaya, da girmamawa. Yaro ya ce yana son motarsa ta kalli sama an kawo masa rula da littafin doka, wai alƙalin NHRA ne zai zo ya auna ta a kan shelf? Ai ko a yau masu gina irin motocin nan na gaske don nishaɗi suna ɗaga su fiye da na da kuma jama'a na so. Tunda ma ya ce zai canza suna da lamba ai ba tarihin kowa yake kwafa ba. Malam ka ɗaga abinka yadda ranka ke so.

Baba_Mai_Sanfefa:

Sarki ba mu saɓa ba ai, motarsa ce kuɗinsa ne. Amma shi da bakinsa ya ce kada ta zama abin dariya kuma ya tambaya ko akwai ƙa'ida, na faɗa masa. In ya san inda layin yake ya tsallake da gangan wannan zaɓi ne. Abin da ba na so shi ne a rubuta A/GS a ƙofa, wanda ke nufin ajin masu bulowa, sannan a leƙa inji a ga kafireto guda ɗaya, ko a sa wa motar 1962 faffaɗar tayar da ba a yi ta ba sai bayan shekaru. Tayar baya ta farkon shekarun 1960 siririya ce tsaye, gefenta da ƴan yanke yanke a baki, ta gaba kuma ƴar siririya.

Tunda na ambaci taya, ɗana ka murza fuskar tayoyin baya a sanfefa mai laushi sheƙin ya tafi da layin tsakiya. Kuma ka fenta bakin wili inda zai taɓa tayar, wasu tayoyin musamman na tsofaffin kwalaye suna narkar da roba a hankali in sun daɗe a haɗe, kada ma ka bar su kwance a kan gilas ko takardar sitika a cikin kwalin.

Ɗan_Autan_Gareji:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba, Injiniya, Hajiya, har da Sarki mai kare min haƙƙi 😂 Na duba, Hemi ne a nawa kuma ƙofofin ba sa buɗewa kenan sabon zubin ne. Na haɗa casis da salatif na auna yanzu fulin yana wajen milimita 20, zan sa gutsattsari in kai shi 23 in tsaya nan, 1964 zan bi da A/GS a ƙofa tunda da bulowa. Hajiya saura tambaya ɗaya, robar bodin fara ce ina son ja mai zurfin nan da ake ganin ƙyalli ta ƙarƙashinsa, azurfa zan fara fesawa a ƙasa ko ruwan zinare?

Hajiya_Fenti:

Zinare in kana son ja mai ɗumi, azurfa in kana son ya yi haske ya ɗan karkata ruwan hoda a shafin farko. Ka fesa cokula biyu ka gani da idonka, kuma jan ka yi shi siriri siriri kana ƙirga shafi, don duk shafin da ka ƙara duhu yake ƙarawa, bonet da bodi kuma tare za ka fesa su a haɗe in ba haka ba kala biyu za su fito maka.