Zuwa Shenandoah da kare: abin da jama'a suka ce

Ga abin da na tattaro daga bakin jama'a kan zuwa da kare gandun dajin Shenandoah da ke tsaunukan Blue Ridge, jihar Virginia a Amurka.

1. Igiya. Nan babu jayayya: kare ya kasance a ɗaure koyaushe, tsawon igiyar kada ya wuce ƙafa 6. Dajin na da beyar da barewa.

2. Hanyoyin ƙafa sun haura mil 500, kuma yawancinsu ana shiga da kare. Amma an hana a wasu hanyoyin, kamar na Old Rag, Dark Hollow Falls, Bearfence da Stony Man.

3. Titin Skyline Drive da ya ratsa dajin mil 105 ne, iyakar gudu mil 35 a awa. A riƙa tsayawa ana shayar da karen. Barin kare a rufaffiyar mota da rana kuwa, wallahi zalunci ne.

4. Kaska ta fi damun kowa saboda cutar Lyme da ake ɗauka daga cizonta. Kowace yamma a duba kunnuwan karen, wuya da tsakanin yatsu.

5. Kashin karen a kwashe a leda.

An rabu kan takalmin kare: wasu sun ce yana kare tafin ƙafa daga duwatsu, wasu sun ce santsi yake jawowa. Haka shan ruwan ƙorama. Ni dai gara a tafi masa da gorarsa.