Shanu sun cinye waken maƙwabci, yaron kiwo barci ya kwashe shi: wa zai biya?

Habu Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Malamai da manyan manoma, a warware mana wannan. A wani ƙauye ta wajen Ringim, wani magidanci ya ba ɗan ƙanensa, yaro ɗan shekara 12, kiwon shanun noma biyu da tumaki shida. Yaron ya kwana da zazzaɓi, da hantsi ya kishingiɗa a gindin tsamiya, barci ya kwashe shi. Dabbobin suka faɗa gonar maƙwabci suka cinye wake kunya 14, ga shi ya fara fure. Mai gona ya ce sai an biya shi buhu guda. Mai shanu ya ce tsautsayi ne, kuma ya ji malamai na cewa ɓarnar rana ba a biyanta. Har sun daina gaisawa. Wa ke da gaskiya?

Malam Sani Mai Almajirai:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Mai shanu ya haɗa abu biyu da ba a haɗa su: zunubi da biyan ɓarna. Yaron ba shi da zunubi ta fuska biyu, bai balaga ba kuma barci ne ya ɗauke shi, alƙalami kuwa an ɗauke shi daga kan yaro da mai barci. Amma dukiyar mutane ba ta faɗuwa da uzuri. A wajen malamanmu, ganganci da kuskure ɗaya ne idan ana maganar ramuwa. Wanda ya yi tuntuɓe ya fasa tulun wani ba za a zage shi ba, amma zai sayi tulu.

Maganar ɓarnar rana tana da asali, rabinta ya ji. A Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imam Malik, akwai hadisin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobin. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ma haka ta kawo. Sai dai Muhtasar, littafin fiƙihu na Shehu Halilu, ya sa sharaɗi biyu kafin ɓarnar rana ta faɗi: ya zama babu makiyayi tare da dabbobin, kuma an kora su nesa da gonaki. A nan ko ɗaya bai cika ba. Da makiyayi, kuma a bakin gona ake kiwon, a tsakiyar damina, lokacin da kowa ya san an yi shelar a ɗaure dabbobi.

Da makiyayin baligi ne, shi zai biya. Tunda yaro ne, sai a dubi wanda ya damƙa masa shanu biyu yana ganin jikinsa da zafi. Sakacin nasa ne.

Alhaji Mamman Gezawa:
Allah gafarta Malam, ka gama da hukunci, saura awo, don a nan rigima take tashi. Buhu guda a kunya 14 son rai ne, sai dai in kunyoyin nan sun kai daga nan zuwa Gumel. Buhun wake kwano 40 ne fa.

Tun ranar ya kamata mai unguwa ya tura dattawa biyu da Sarkin Noma su ga sawu da kashin dabbobi kafin ruwa ya wanke, su ƙirga kunyoyin, su auna tsawonsu da taku, su kafa turaku a iyakar ɓarnar. In ba a yi haka ba, bayan kwana uku kowace ɓarna da ke gonar, har ta tsutsa da ta akuyar gidansa, kan shanun nan za a ɗora ta.

Sannan a duba me aka ci. Gero ko dawa da ba su yi kara ba, in ruwa bai ɗauke ba, suna sake tohowa, asarar kaɗan ce. Wake mai fure kuwa wuya gare shi, musamman in shanu sun tattake shi sun tumɓuke yaɗon. In ɓangarorin biyu sun yarda, a jira kaka: a roro kunya 14 masu lafiya da ke kusa, masu tsawo ɗaya, a sussuka a auna, a auna na waɗanda aka ci, a biya bambancin. Misali masu lafiya sun ba da kwano 12, waɗancan kwano 4, biya kwano 8 ke nan. Kada a manta da harawa, kuɗi ce ita ma da rani.

Ardo Buba:
A tambayi abu ɗaya kafin a yanke: gonar nan ba ta ci burtali ba? Manoma da yawa duk shekara sai sun ƙara kunya biyu uku cikin hanyar shanu, in an ci kuma su fi kowa ihu. Abin da aka shuka a kan burtali a cire shi daga lissafi. Kuma mai gona kada ya sari dabba ko ya daki yaron. Ya kora su gidan mai unguwa. In ya karya wa sa ƙafa, kuɗin san ya ninka waken sau da yawa, shi zai koma mai biya.

Malam Sani Mai Almajirai:
Gaskiyarka, Ardo. Alhaji, a littafi ana ƙiyasta shukar ne a ranar ɓarna, tsakanin fatan ta yi da tsoron kada ta yi, ba a jiran girbi. Amma in sun yi sulhu a kan naka tsarin, ya halatta, sai dai a yi shi gaban shaidu. Malam Habu, a kai yaron asibiti a gwada jininsa, zazzaɓin damina ba a wasa da shi.